Kafin ka zana jirgin yaƙi ko ɗaya, ka san abin da ya haɗa su faɗa

Tambayarka a taƙaice ita ce kana son gina wasan kwamfuta na dabarun yaƙi, irin wanda kowa ke motsa dakarunsa a lokaci guda ba tare da jiran bi-da-bi ba, labarinsa kuma a kan matsugunan 'yan Adam ne da ke gaba da juna a wajen wannan duniya tamu. Ka ce ka riga ka rubuta tarihin ɓangarori uku, ka jera jiragen yaƙi da makamai kusan 40, amma duk lokacin da ka hango wasan a zuciyarka sai ka ga sanannen wasan dabarun yaƙin nan StarCraft ne ya sauya riga. Kana son sanin ta ina za ka fara.

Ɗan'uwa, na daɗe a wannan aiki, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka ninke takardar jiragen nan ka ajiye tukuna. Kada ka yar, za mu dawo kanta. Abin da ya sa kake ganin wasan wani a cikin naka shi ne da makami ka fara, makaman irin wannan wasa kuwa ba su sauya sosai ba tun Dune II na kamfanin Westwood a 1992: mai harbi daga nesa, mai afkawa kusa, mai sulke, mai shawagi a sama. Duk sunan da ka raɗa musu, hannun ɗan wasa zai gane su cikin minti biyar. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne kalmar da kai da kanka ka faɗa ka wuce, wato matsuguni. Mutane ne da suka yi nisa da gida, suna shaƙar iskar da inji ya samar, suna shan ruwan da suka haƙo da hannunsu. A nan wasanka yake.

Me zai sa irin waɗannan mutane su yi faɗa? Ruwa ba ya tsami banza, kuma fili dai ba ya ƙaranci a can. Faɗin doron duniyar Mars ya kusa kai faɗin dukkan busasshiyar ƙasar duniyarmu in an haɗa ta wuri guda. Idan mutum 500 suka sauka a gabas, wasu 500 a yamma, sai su shekara ɗari ba su ga ƙurar juna ba. Dole ka samo abin da yake kaɗan, wanda kowa ke buƙata, wanda kuma yake wuri ɗaya. Abin daɗin shi ne ba sai ka ƙirƙiro shi ba, kimiyya ta riga ta ajiye maka.

Dubi ƙuryar kudancin Wata. Karkatar Wata kaɗan ce ƙwarai, wajen digiri ɗaya da rabi, saboda haka a can rana ba ta hawa tsaka, kullum tana rarrafe ne a bakin ƙasa. Akwai ramuka masu zurfi da hasken rana ba ya kaiwa ƙasansu ko kaɗan, sanyinsu kuma ya isa ya riƙe ƙanƙara na tsawon zamani. A 2009 hukumar NASA, a aikin da ta kira LCROSS, ta jefa wani ɓangaren roka cikin ramin Cabeus, aka auna ƙurar da ta tashi aka sami ruwa a ciki. A gefen wasu ramukan kuma akwai 'yan tuddai da ke samun haske mafi yawan shekara, alhali a sauran sassan Wata dare ɗaya yakan kai kwana 14. Ka ga ke nan ga ƙanƙara a cikin duhu, ga haske a kan tudu, dukansu 'yan ƙananan wurare ne, kuma suna maƙwabtaka. Ƙanƙarar ba ta da amfani sai da lantarkin da za a narkar da ita, tudun kuma ba ya rayar da kowa sai da ruwa. In ka sa lantarki ka raba ruwa, za ka sami oksijin na shaƙa da haidurojin, in ka sake haɗa su biyun kuma man roka ne. Wato abu ɗaya ne ake sha, ake numfashi da shi, ake tafiya da shi. Wanda ya riƙe tudu da wanda ya riƙe rami ba za su taɓa iya ƙyale juna ba. Ko dai su yi ciniki, ko ɗaya ya ƙwace na ɗaya. Wannan taswira ce da ta zo da rikicinta a ciki, kuma ni da ita zan fara da a ce ni ne kai.

In Mars ka fi so, can ma akwai abin riƙewa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na iskarta kabon dayoksaid ne, kuma a 2021 wata ƙaramar na'ura mai suna MOXIE da ke cikin motar bincike ta Perseverance ta fitar da oksijin daga wannan iska. In akwai haidurojin daga ƙanƙara, ana iya haɗa shi da iskar a sami metan na man roka ta hanyar da masanin Faransa Paul Sabatier ya gano. Sai dai hasken rana da ke isa Mars bai kai rabin wanda ke isa duniyarmu ba, ga kuma guguwar ƙura. Wadda ta lulluɓe duniyar a 2018 ita ce ta kashe motar Opportunity, bayan ta shekara 14 tana aiki, don farantan solarta sun daina samun haske. Ga zaɓi na gaske ga ɗan wasa: farantan sola masu arha da saurin kafawa amma guguwa na iya kashe su, ko ƙaramar tashar nukiliya mai tsada da jinkiri wadda ba ruwanta da yanayi. Sharaɗi ɗaya zan sa maka. Guguwar ta riƙa sanarwa kafin ta zo, kowa ya gan ta a taswira tana matsowa da minti biyu ko uku. Masifar da ta faɗo ba gargaɗi caca ce, wanda ya sha kashi zai zargi wasan. Wadda aka hango kuwa tana haifar da dabara, domin wanda ke da nukiliya zai tara dakaru ya jira duhu, wanda ke da sola kuma zai cika batura ya ja da baya.

Yanzu ga inda nake son ka fi tsayawa, batun mutane. A mafi yawan wasannin nan ma'aikaci abin saye ne, ka biya ma'adini kaɗan, bayan 'yan daƙiƙu ya fito daga gini. In an kashe goma ka sayi goma. Wannan ya dace da sansanin soja, amma ya saɓa wa ma'anar matsuguni. Damar tashi daga duniyarmu zuwa Mars da mafi ƙarancin mai tana zuwa ne sau ɗaya a kusan wata 26, tafiyar kanta kuma watanni take ci. Mutumin da ya mutu a can ba a haƙo madadinsa daga ƙasa. To ka mayar da mutane su zama dukiyar da ba a sayenta. Su riƙa isowa a kumbo a lokutan da kowa ya sani, agogo na nunawa a saman allo. Butum-butumi da motoci marasa matuƙi su ne za su yi faɗan, ana ƙera su ana asararsu, amma kowace masana'anta da kowace runduna tana buƙatar mutum mai kula da ita. Mai mutane 60 zai iya tafiyar da abin da mai 40 ba zai iya ba, komai yawan ƙarfensa.

Da zarar ka yi haka, abubuwa da yawa za su gyaru da kansu. Rusa gidan abokin gaba ya daina zama riba, domin a cikin gidan nan ne injiniyoyin da kake kwaɗayi suke, da tankin iskar da aka sha wahalar cikawa. Za ka fi son ka yanke masa bututun ruwa, ka mamaye tudun haskensa, ka matse shi har mutanensa su buɗe ƙofa su dawo gare ka. Nasara ta koma sa abokin hamayya ya miƙa wuya yana da abin miƙawa. Wannan kuma yana magance wata tsohuwar cuta ta irin waɗannan wasanni, inda an san wanda ya ci tun minti na 12 amma sai an ƙara minti goma ana farautar gini na ƙarshe a lungun taswira. In iskar matsuguni ta sauka ƙasa da wani ma'auni ta daɗe a haka, wasa ya ƙare. Kowa yana ganin ma'aunin, kowa ya san saura nawa.

Kada ka ɗauka na ƙara gishiri a kan raunin irin wannan gida. A jihar Arizona ta Amurka an rufe mutum takwas a wani katafaren gini mai suna Biosphere 2 daga 1991 zuwa 1993, don a ga ko za su rayu da iska da abincin da ginin ke samarwa. Oksijin ya yi ta raguwa har ya kai wajen kashi 14 cikin ɗari, daga kashi 21 na iskar da muka saba, sai da aka shigo musu da ƙari daga waje. A doron duniyarmu ke nan, ba wanda ke harbinsu.

Akwai kuma doka, wadda marubuta irin wannan labari sukan tsallake alhali tana cike da amfani. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka fara sa wa hannu, ta hana kowace ƙasa cewa Wata ko wata duniya mallakinta ce, ta hana ajiye makaman nukiliya a sama, ta kuma hana kafa sansanin soja a kan waɗannan duniyoyi. In labarinka ya taso daga duniyar da muka sani, mutanenka ba da tankokin yaƙi suka sauka ba. Da injin haƙa suka sauka, da motar dakon ƙasa, da na'urar walda. Kuma akwai masu ɗaukar nauyinsu a gida da ke kallo. Kana iya mayar da wannan ma'auni a cikin wasan: wanda ya fasa gidan da fararen hula ke ciki, kumbon da ke tafe zai zo masa da mutane kaɗan, ko ya sauka wajen abokin gabarsa. Wasan Offworld Trading Company na 2016, wanda Soren Johnson ya tsara, ya kai wannan tunani ƙarshe, kamfanoni ne ke gasa a Mars babu soja ko ɗaya, farashin kaya na hawa da sauka gwargwadon saye da sayarwarsu, nasara kuma ita ce ka saye hannun jarin abokin hamayya. Ba na cewa ka cire yaƙi. Amma ka buga shi ka ga yadda gaba ke yin zafi ko ba harsashi.

Batun tattalin arzikin wasan, hanyoyi biyu aka fi sani. A StarCraft na 1998 tarawa ake yi, ma'aikata su kwaso ma'adini da gas, ka biya kuɗin abu gaba ɗaya kafin a fara ƙera shi. A Total Annihilation na 1997 kuwa gudana ake yi, ƙarfe da makamashi suna shigowa suna fita kowace daƙiƙa, in fita ta fi shiga sai duk aiki ya yi sanyi. Ta farko ta fi sauƙin fahimta, ta biyu ta fi kama da rayuwar matsuguni. Shawarata ka haɗa: ƙarfe a tara a biya, lantarki da ruwa su gudana, tare da batir da tanki da za su riƙe ka na ɗan lokaci in an yanke. Girman tankin nan shi kansa zaɓi ne, don kuɗin da ka sa a ciki ba ka sa shi a dakaru ba. Kada albarkatun su wuce waɗannan uku, sai mutane na huɗu. Duk abin da ka ƙara bayan haka lissafi ne kake ɗora wa mutumin da ake kai wa hari ta fuska biyu. Kuma ruwan da lantarkin su bi bututu da waya da ake gani a taswira. Company of Heroes na 2006 ya nuna daɗin wannan, yankin da aka raba shi da hedikwata yakan daina kawo komai, sai ƙaramar runduna da ta zagaya baya ta yi ɓarnar da babba ba ta yi ba.

Hatsarin wannan tsari shi ne rugujewa a jere. Lantarki ya ragu, injin narkar da ƙanƙara ya tsaya, ruwa ya yanke, iska ta ragu, mutane suka kasa aiki, lantarki ya ƙara raguwa. Na taɓa gina irin wannan a wani samfurin gwaji, na zauna bayan masu gwadawa ina kallo. Mutum yana can yana fafatawa a bakin daga, ya waiwayo gida ya tarar komai ya mutu, bai san mafarin abin ba. Ba wanda ya nemi ya sake bugawa, kuma gaskiyarsu ne. Abin da ya gyara shi abu biyu ne. Na farko, in lantarki ya gaza, wasan da kansa ya fara kashe masana'antun makamai ya bar injin iska a ƙarshe, sai dai in ɗan wasa ya sauya jerin. Na biyu, bututun da aka yanke ya riƙa walƙiya a ƙaramar taswira da sauti nasa na daban, ta yadda ko ido na wani wuri kunne zai kama.

Sai lissafin yaƙi. A 1916 injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya nuna cewa in kowa na iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta an ninka shi da kansa. In dakaru goma suka kara da biyar, kowanne da ƙarfi ɗaya, ba biyar ne za su rage wa mai goma ba, takwas ne ko tara. Wannan ne ya sa wanda ya ci karon farko yakan ci na biyu cikin sauƙi, na uku kuma ba a ma kiransa faɗa. Kowane mai tsara irin wannan wasa yana neman birki ga wannan gangara, kai kuwa labarinka ya ba ka shi kyauta, wato nisa. Motar yaƙi da batir take tafiya. Iya nisanta da tashar caji, iya raguwar lokacin da za ta yi tana faɗa. Mai kai hari dole ya kafa tashoshi a hanya, kowace tasha kuma wuri ne da za a iya sara. Mai tsaron gida yana caji a ƙofarsa. Ka bar tarkacen motocin da aka lalata a filin daga a matsayin ƙarfen da za a iya kwasa, kamar yadda Total Annihilation ya yi, sai harin da ya gaza ya zama kyauta ga wanda aka kai wa. Amma ka auna da kyau, don in tsaro ya yi ƙarfi da yawa kowa zai zauna gida ya yi ta gini. Maganin wannan shi ne ƙanƙarar da ke kusa da gida ta riƙa ƙarewa, mai yawan kuma tana tsakiya.

Na san za ka yi sha'awar jinkirin saƙo, don duk wanda ya karanci sararin samaniya yakan yi. Saƙon rediyo tsakanin duniyarmu da Mars yana ɗaukar daga minti 3 zuwa 22 a tafiya ɗaya, gwargwadon inda kowace take a kewayenta. Abin burgewa ne a labari, amma kada ka kuskura ka sa shi tsakanin yatsan ɗan wasa da dakarunsa. Mutum in ya danna linzami bai ga motsi nan take ba, ba zai ce kimiyya ce ba, cewa zai yi wasan ya lalace. Ka ɗora jinkirin a kan labari da taimako. Abin da ɗan wasa ya gani a yankin abokin gaba ya zama tsohon hoto, da ɗan rubutu mai nuna daƙiƙa nawa ke nan da ɗaukarsa. Kayan da ya roƙa daga gida su iso bayan minti biyar, lokacin da wataƙila buƙatarsa ta sauya. Tauraron ɗan Adam ya riƙa wucewa ta saman taswira a kan lokaci sananne, yana yaye hazon da ke ɓoye wa ɗan wasa wuraren da dakarunsa ba sa gani a layin da ya bi, ta yadda mai wayo zai ɓoye dakarunsa a rami har ya wuce.

Wannan ya kawo ni kan faɗa a cikin sararin kansa. Homeworld na kamfanin Relic a 1999 ya bar jirage su tafi sama da ƙasa da kowane gefe, kuma ya yi kyau matuƙa, amma sai da suka ƙirƙiro hanya ta musamman ta nuna tsawo da wani allo na daban na hango fili duka. Sarari ba shi da tudu, ba shi da mashigi, ba abin fakewa, sai ka ƙirƙiro su. Kai da wasanka na farko, ka tsaya a ƙasa. Sama ta zama agogo da hanyar isowar kaya.

Ɓangarori uku da ka rubuta, ka fara da biyu. Lissafin a fili yake: ɓangare biyu karo iri uku ne za ka daidaita, in ka haɗa da na kowa da irinsa. Uku karo shida ne, huɗu kuma goma. StarCraft da ake yabo kan daidaiton ɓangarorinsa uku, sai da aka yi ta gyara shi har 2001, bayan nan kuma masu zana taswirorin gasa, musamman a Koriya ta Kudu, su suka ci gaba da daidaita shi ta hanyar fasalin fili. Bambancin ɓangarorinka kuma ya fito daga yadda suke rayuwa. Masu zama a ƙarƙashin ƙasa suna jinkirin faɗaɗa amma wuyar fasawa gare su. Masu yawo da gidajensu a kan taya ba su da katanga, amma ba a san inda za a same su ba. Wanda gwamnati ta aiko yana samun mutane da yawa da sharuɗɗa masu tsauri, wanda kamfani ya aiko yana da injuna da bashin da dole ya biya da kaya. Kowane ɓangare dakaru iri shida zuwa takwas sun isa, kuma ka iya faɗin aikin kowanne a jimla guda. A gane shi daga siffarsa ko da an cire launi, domin daga nesa ɗan wasa zai riƙa kallonsa, tsawonsa bai fi ƙwayar wake ba a allo.

Ka tuna kuma cewa dukiyar da ta fi kowace ƙaranci ita ce hankalin ɗan wasa. Dune II soja ɗaya kawai yake bari ka zaɓa a lokaci guda, StarCraft na farko 12. Wancan zamanin ya wuce. Tun da ka ɗora masa kula da iska da ruwa, ka sauke masa wasu kayan: motocin gyara su nemi abin da ya lalace da kansu, masana'anta ta iya maimaita aiki ba sai an sake dannawa ba, bututu ya shimfiɗu da ja ɗaya.

Ta fuskar fasaha, abu ɗaya ne dole ka yanke tun ranar farko, ko mutane za su buga da juna ta intanet. In eh, ka san yadda aka saba yi. Ba a aika matsayin kowane soja ta waya, umarnin 'yan wasa kaɗai ake aikawa, kowace kwamfuta ta lissafa wasan gaba ɗaya da kanta, kuma dole sakamakon ya zo daidai ba bambancin ko ɗigo. Da haka Age of Empires na 1997 ya motsa ɗaruruwan dakaru a kan layin tarho mai rauni, yana tara umarni a zagaye na kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ya aiwatar bayan zagaye biyu. Wahalar ita ce ƙaramin saɓani ɗaya a lissafi yakan girma har kwamfutocin biyu su koma suna buga wasa daban-daban. Lambobi masu ɗigo na iya ba da amsa mabambanciya a injuna mabambanta, shi ya sa da yawa suke gina lissafin wasan da cikakkun lambobi. Ka raba lissafin wasa da zanen da ake gani, kada ka dogara da tsarin motsi da karo da ke zuwa cikin manhajojin gina wasa irin su Unity ko Unreal ko Godot don abin da ya shafi sakamako, kuma duk wani zaɓin sa'a ya fito daga tushe ɗaya da kowa ya sani. Ƙara wannan a kan wasan da aka riga aka gina daidai yake da sake gini daga tushe. Ladansa kuwa babba ne ko ga mai buga wasa shi kaɗai, domin ajiye jerin umarni kawai ya isa a sake kallon wasa duka daga ɗan ƙaramin fayil.

Neman hanya zai ci maka lokaci fiye da yadda kake zato. Dabarar A* da aka wallafa a 1968 tana samo wa soja ɗaya hanya da kyau, amma 50 in suka nufi mashigi ɗaya sai su cushe. Ga taro, ka lissafa hanya sau ɗaya a matsayin kibiyoyi a kan dukkan filin, kowa ya bi kibiyar da ke ƙarƙashinsa, sannan ka ƙara musu ɗan ture juna. Abokin hamayya na kwamfuta kuma kada ka bar shi ya ga abin da ke cikin hazo. Ya aiko ɗan leƙen asiri a gan shi, ya yi kuskuren da za a iya jawo shi ya yi. Mutane sun fi jin daɗin wanda suka yaudara a kan wanda ya fi su saurin hannu.

Abin da za ka yi a watan nan shi ne taswira ɗaya, tudu ɗaya mai haske, rami biyu masu ƙanƙara, ɓangare ɗaya da zai kara da irinsa, dakaru iri uku, duka da akwatuna da da'irori masu launi, ba zane ba kiɗa. Wasa ya ƙare cikin minti 15 zuwa 20. Ka samo mutum biyu su buga, ka zauna bayansu ka yi shiru, kada ka bayyana komai ko sun tambaya. In sun gama, ka tambayi wanda ya faɗi a wane minti ya san ya faɗi, kuma me ya kayar da shi. In ya ce bai sani ba, allonka ne ba ya magana. In ya ambaci minti na biyar alhali wasan ya kai 18, birkinka bai kama ba. In kuwa ya ce ai da ya tsare bututun arewa da labari ya sha bamban, ya kuma jawo kujera zai sake, to sai ka ɗauko takardar jiragen nan. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta a gefen kowanne aikin da yake yi wa matsugunin kafin gaba ta ɓarke: wannan haƙa yake yi, wannan dakon ƙanƙara, wannan walda bututu. Wanda ka rasa abin rubuta masa, ka soke shi.